Kafin ka biya kuɗin gida, ko ka sa hannu ka sallama naka

Ranar da ka ga gidan da ya kwanta maka a rai, ranar ce hankalinka ke raguwa. Kana shiga falo ka fara lissafin inda zaka ajiye kujeru, uwargida tana leƙa kicin, yara har sun raba ɗakuna a tsakaninsu, dillali kuma yana gefe yana duba waya yana cewa "yallaɓai, akwai fa wanda zai zo da yamma da kuɗinsa a hannu". Wannan mutumin na yamma sau da yawa babu shi, kuma ko da akwai shi, gara ya ɗauka da ka zuba tarin guminka na shekaru a abin da baka bincika ba. Mai gida na gaskiya ba zai ji haushi dan ka ce a baka sati biyu ko uku ba. Wanda ya hana ka lokaci, akwai abin da baya so lokaci ya tona.

Ni dai abin da na fahimta shi ne, ba bulo da siminti kake saya ba, haƙƙin mallaka kake saya. Bango in ya tsage birkila zai gyara, amma takarda in ta tsage sai kotu, kuma shari'ar gida tana iya cin shekaru har mutum ya manta launin ƙofar. Saboda haka daga takarda ake farawa, tun kafin ka ƙaunaci gidan.

Ka nemi a nuna maka takardar mallaka ta asali, ba fotokwafi ba, ba hoton da aka turo a WhatsApp ba. In aka ce maka ta asalin "tana wajen wani", to ka tambaya wajen wa, sabida galibi inda take shi ne banki ko hannun wanda aka yi wa jingina da gidan aka ci bashi, kuma in ka saya a haka bashin yana nan manne da gidan, mai bashi baya ruwansa da cewa kai sabon zuwa ne. Sannan ka duba sunan da ke jikin takardar ka haɗa shi da katin shaidar wanda ke tsaye a gabanka, harafi da harafi. In sun saɓa sai a yi maka bayani da wata takardar, ba da baki ba. Wani zai ce shi wakili ne, mai gidan yana ƙasar waje, to ina takardar wakilci, kuma ta ba shi ikon sayarwa ne ko karɓar haya kawai? Ka dage sai ka yi magana da mai gidan da kanka, ko ta bidiyo ne, kana ganin fuskarsa.

Daga nan sai ofishin da hukuma ke rajistar filaye da gidaje. Kusan kowace ƙasa tana da irinsa, kuma lauya zai iya shigar da buƙatar bincike a duba fayil ɗin gidan: waye mai shi a rubuce, akwai jingina a kansa, akwai ƙara a kotu, ko hukuma ta ware wurin dan titi ko layin wutar lantarki ko hanyar ruwa. Lauyan nan ya zama naka ne kai ka ɗauko ka biya, dan Allah kar ka yarda da "lauyanmu zai yi mana duka", mutum ɗaya baya kare mai saye da mai sayarwa lokaci guda in rigima ta tashi. Haka shi ma dillali, ko yana da kirki, la'adarsa bata fitowa sai an yi ciniki, ka san da wannan a ranka duk lokacin da yake yabon gidan.

Gidan gado shi ne inda aka fi zubar da hawaye. Babban wa ya fito ya ce shi ke da magana, ka biya, bayan shekara biyu ƙanwarsu da ke aure a nesa ta dawo ta ce ita ba a tambaye ta ba, kuma gaskiyarta. In gidan na magada ne ka tabbata an raba gadon ko an naɗa mai kula da dukiyar ta hanyar da doka ta sani, ka san adadin magadan, kowa ya sa hannu, in akwai ƙananan yara a ciki lauya ya gaya maka wa ke da ikon sa hannu a madadinsu. Haka gidan da miji da mata suka haɗa kuɗi suka saya, hannu ɗaya baya isa.

Sai awo. Ka kawo safiyo ya auna filin ya gwada da taswirar da ke cikin takarda, ka ga duwatsun iyaka da idonka. Mutane suna ruɗewa tsakanin ƙafa da mita kuma wasu da gangan suke ruɗa su: fili mai ƙafa 50 a 100 bai wuce murabba'in mita 465 ba, amma mai mita 50 a 100 murabba'in mita 5,000 ne, rabin hekta kenan, ya ninka wancan fiye da sau 10. Sannan sau nawa ake samun katangar gida ta ci taku biyu cikin filin maƙwabci ko cikin hanya, ana zaune lafiya da tsohon mai gida dan ana jin kunyarsa, kai kana tarewa a tayar da maganar.

To yanzu mu shiga cikin gidan. Kar ka je sau ɗaya, kuma kar ka je a lokacin da aka zaɓa maka kaɗai. Ka je da rana tsaka ka ji zafin ɗakunan, ka je da dare ka ji hayaniyar layin da yadda hasken wurin yake, in da hali kuma ka je bayan an sheƙa ruwan sama, dan gida yana faɗin gaskiya ne in ya jiƙe. Akwai wani gida da na kusa saya, fenti sabo fil yana ƙamshi, tayil yana sheƙi, har na fara tayi. Allah Ya sa na koma da wani injiniya abokina washegarin ruwa, yana shiga ɗakin baya ya ce a ja wadirof ɗin da ke jikin bango. Ana ja sai ga bangon baƙi ƙirin da danshi daga ƙasa har gwiwa, fulasta tana marmashewa in ka taɓa da yatsa, ashe fentin ma iya inda ido zai gani aka yi, bayan wadirof ɗin ba a ko kai buroshi ba. Mai gidan sai ya kama sosa ƙeya yana cewa ai ɗan abu kaɗan ne.

Tun daga nan nake zuwa duba gida da tocila da mukulli a hannu. Ka ƙwanƙwasa tayil da mukullin, in ka ji yana amo kamar ganga to ƙarƙashinsa fanko ne, zai ɗago. Ka ƙwanƙwasa katakon ƙofa da na rufi, gara tana cinye ciki ta bar fatar waje lafiya lau. Ka haska silin ka nemi tabon ruwa mai zagaye kalar ƙasa-ƙasa, wannan yoyo ne ko an ce maka an gyara. Ka duba gindin bango, in ka ga farin abu kamar gishiri yana fitowa fenti yana kumbura yana ɓarewa, danshi ne ke hawowa daga ƙasa kuma sabon fenti baya maganinsa. Tsagewar bango kala-kala ce, wadda take siririya kamar gashi a jikin fulasta yawanci ba komai bace, amma wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko take bin layin bulo kamar matakala, ko ta buɗe har kwabo zai shiga, wannan alama ce harsashin ginin yana motsi, musamman in ka ga ƙofofi suna cijewa basa rufuwa daidai. Irin wannan ba aikin ido bane, injiniya zaka kira, kuɗin da zaka ba shi bai kai komai ba a kan abin da zai tsare maka.

Ka kunna kowane famfo ka ga ƙarfin ruwan, ka kora ruwa a banɗaki ka tsaya ka ga yana wucewa ko yana dawowa, ka gwada soket da cajar waya, ka buɗe akwatin wuta ka ga ko akwai alamar ƙuna. In gidan yana shan ruwan rijiya ka duba tazararta da ramin masai, masana lafiya suna son ta kai kamar mita 30, in sun matsu da juna to ka san me kake sha. Ka kalli tsayin daɓen gidan ka gwada da titi, gidan da ya fi titi ƙasa duk ruwan layin baƙonsa ne.

Kuma ka yi hira da maƙwabta, ba tare da dillali ba. Gaisuwa kawai da tambayar "ya ruwa yake yi muku a nan?" tana iya buɗe maka abin da takarda goma basu faɗa ba, su suka san dalilin da ya sa mai gidan ke son tashi.

Maganar kuɗi. Farashin gidan ba shi ne ƙarshen kashewa ba, akwai la'ada, kuɗin lauya, na safiyo, harajin canja suna da rajista, gyare-gyare da kuɗin kwashe kaya, dan haka kar ka ƙarar da aljihunka kaf a kan ciniki. In da bashin banki zaka saya, kar ka tsaya a abin da zaka riƙa biya duk wata, ka ce a rubuta maka jimillar abin da zaka biya har ƙarshe. Misali bashi mai ruwa kashi 10 cikin 100 a shekara, in zaka biya shi wata-wata cikin shekara 20, duk 100 da ka karɓa kusan 232 zaka mayar, in kuma cikin shekara 10 ne kusan 159. Ka tambaya ruwan tsayayye ne ko yana hawa da sauka, kuma akwai tara in ka biya da wuri? Abin da aka saba ba da shawara shi ne biyan gida kar ya haura kusan kashi 30 na abin da ke shigo maka. Masu cewa farashin gida baya taɓa faɗuwa kuma, a Amurka farashin gidaje ya zube fiye da kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 2006 da 2012, miliyoyin mutane suka wayi gari bashin da ke kansu ya fi darajar gidan, a Japan kuwa daga farkon shekarun 1990 farashin filaye ya shafe sama da shekara 10 yana sauka.

Kafin alƙalami in zaka bayar, a rubuta sharaɗinsa: in bincike ya nuna matsala za a dawo maka da shi, in kai ka fasa haka kawai me zai faru. Biyan kuɗi ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, ba na dillali ko ɗan uwansa ba, kuma in aka turo maka saƙo cewa an canja lambar asusu kar ka tura ko sisi sai ka kira mutumin ta lambar da ka riga ka sani, 'yan damfara sun ƙware a wannan. Cikon kuɗin kuma ya tafi tare da sa hannu da karɓar takardun asali a zama ɗaya gaban shaidu.

Kai kuma mai sayarwa, naka bai kai haka tsawo ba amma akwai inda ake faɗawa. Na farko farashi. Gidan da ka haifi 'ya'yanka a ciki yana da tsada a zuciyarka, amma mai saye ba zai biya kuɗin tunaninka ba, ka bincika nawa aka sayar da makamantansa a kusa cikin 'yan watannin nan, wanda aka sayar fa, ba wanda ake ta kira ba a saya ba. In ka ɗora kuɗi sama sosai gidan zai kwana a kasuwa, mutane su fara cewa ko akwai matsala, ƙarshe ka sallama ƙasa da abin da da ka samu tun farko. Ka haɗa takardunka kafin ka sa gidan a kasuwa, ka biya bashin wuta da ruwa da haraji, ka gyara ƙananan abubuwa irin famfo mai ɗiga da gilashin da ya fashe, ka rage tarkace ɗakuna su yi numfashi, hoto kuma a ɗauka da hasken rana. Amma babban aiki irin canja tayil gaba ɗaya ba lallai ya dawo maka da kuɗinka ba, wataƙila ma mai sayen ya farfasa ya sa nasa.

Aibin gidan ka faɗe shi. In rufi yana yoyo ka ce yana yoyo a rage kuɗin, ya fi a dawo maka da sammaci, dan a ƙasashe da dama ɓoye aibin da ka sani dalili ne na rusa ciniki ko biyan diyya. Dillalai kar ka raba wa mutum bakwai kowa ya ƙara nasa a kai har gida ɗaya ya yi farashi huɗu, ka zaɓi ɗaya ko biyu ku rubuta la'ada da wa'adi. In akwai ɗan haya a ciki ka sanar da shi da wuri bisa yarjejeniyarku, ka kuma gaya wa mai saye. Takardar asali ba a ba kowa ya tafi da ita "a je a duba", kwafi ake bayarwa, kuma saƙon alat ko hoton rasit ba kuɗi bane, sai ka ga kuɗin sun zauna a asusunka ta hanyar bankinka kafin mukulli ya bar hannunka.

Ranar miƙa gida ku zagaya tare da takardar abin da aka ce za a bari, fanka, tanki, injin ruwa, dan an sha tarar da gida an kwance har kan famfo. Ku ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa da kwanan wata. Mai saye ya canja kwaɗo da makullan ƙofa a ranar, baka san mutum nawa ke da sifiya ba, sannan washegari ka bi lauyanka a fara mayar da rajistar gidan zuwa sunanka, kar ka jefa takardun a akwati ka ce sai an samu sarari.