Kurakuran Da Masu Shafukan Intanet Na Hausa Suka Fi Yi, Da Yadda Za A Gyara Su

Mai shafi yakan duba aikinsa ne a kwamfuta, a ofis ko a wani wuri mai wayfai, sai ya ga komai na buɗewa fes. Mai karatunsa kuwa yana cikin adaidaita sahu ko zaune a majalisa, wayarsa ta sha jiki, datar da ya saya ba ta da yawa, sabis kuma sanda biyu. Yawancin matsalolin da nake gani a shafukanmu daga wannan tazarar suke tsirowa. Google ma yanzu fasalin waya na shafi yake dubawa kafin ya jera shi a sakamakon bincike, ba na kwamfuta ba.

Babban mai laifi shi ne hoto. Wayar zamani tana ɗaukar hoto mai nauyin megabait 3 ko 4, mutum ya ɗora shi yadda ya fito, ya ƙara wasu huɗu a labari ɗaya. Kafin mai karatu ya ga layin farko an cinye masa data, ya yi tsaki ya fita. Gyaran bai kai minti biyu ba. Ka rage faɗin hoton zuwa fiksel 1200, ka matse shi da Squoosh ko TinyPNG, dukkansu kyauta ne, sannan ka ajiye shi a tsarin hoto mara nauyi mai suna WebP. WordPress, manhajar da ake gina shafuka da ita, yana karɓar WebP tun fitowar siga ta 5.8 a shekarar 2021. Galibi hoton zai sauko ƙasa da kilobait 200, kuma ido ba zai ga bambanci a waya ba. Daga nan ka zuba adireshin shafin a PageSpeed Insights, shafin Google na auna saurin buɗewa, ka dubi sakamakon waya. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Amma gwajin da na fi yarda da shi ya fi wannan sauƙi: kashe wayfai, ari wayar ƙaninka, buɗe shafin da data.

Na biyu namu ne mu kaɗai, wato haruffa masu lanƙwasa. Wasu suna watsar da ƙ da ɗ da ɓ gaba ɗaya, sai ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki, mai karatu ya riƙa cankar ma'ana. Wasu kuma suna rubuta su daidai, amma salon haruffan da suka zaɓa wa shafin bai san su ba. Shi ya sa za ka ga ƙ ta fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma kamar baƙuwa a gidan biki, ko ta zama ɗan akwati, ko alamar tambaya. Kafin ka zaɓi salo don kyansa, rubuta "ƙwaƙwalwa, ɗanɗano, ɓarna" ka gani, manya da ƙanana. Idan kana da masu karatu a Maradi ko Damagaram, ƙara da ƴ, don ita ake amfani da ita a rubutun Nijar. Noto Sans yana ɗauke da su duka. Ka tabbata shafin yana kan UTF-8, tsarin adana haruffa da ya san waɗannan haruffan, kuma an sa masa alamar harshe "ha", don burauza ta san Hausa take karantawa. A waya, Gboard yana da madannin Hausa, saboda haka uzurin cewa ba a samun haruffan ya ƙare. Wuri ɗaya ne ba na amfani da su: cikin adireshin labari. A nan k da d da b zalla sun fi, domin ƙ takan rikiɗe ta zama jerin lambobi da alamar kashi cikin ɗari idan an kwafi adireshin zuwa WhatsApp.

Tunda an ambaci WhatsApp, ai ta nan da Facebook mafi yawan masu karatu ke shigowa. Labarin da aka tura ya fito ba hoto ba taƙaitaccen bayani, da wuya a taɓa shi. Fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress, irin su Yoast SEO ko Rank Math, za su ba ka wurin sa hoton da bayanin. Girman da aka saba shi ne 1200 a 630. Ɗaya daga cikinsu ya isa, kada ka haɗa biyun.

Wannan ya kawo mu ga tara fulogin. Kowa ya ba da shawara sai a ɗora, har su kai talatin, rabinsu ba a san aikinsu ba. Kowanne nauyi ne, wanda aka daina sabuntawa kuma ƙofa ce ga ɓarawo. Mafi muni shi ne na kuɗi da ake rabawa kyauta a zaurukan Telegram. Araha ba ta ado. Sau da yawa an cusa musu wani abu a ciki, ranar da za ka farga shafinka na tura mutane gidan caca. Goge duk wanda ba ka amfani da shi, kashewa kawai ba ta wadatar ba.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ake mantawa. Tun Yulin 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba shi da HTTPS, wato kariyar da ke ɓoye bayanai tsakanin shafi da mai karatu, tambarin rashin tsaro, alhali Let's Encrypt kyauta yake ba da takardar shaidar da ake kunna HTTPS da ita, kuma yawancin kamfanonin masauki, wato masu ajiye maka shafin a intanet, da danna maɓalli ɗaya ake kunna ta. Sai wani ɗan akwati a saitin karatu na WordPress da ke roƙon injinan bincike su ƙyale shafin. Magini kan danna shi lokacin aiki ya manta, mai shafi ya yi wata shida yana rubutu yana mamakin me ya sa Google bai san da shi ba. Cire alamar, ka yi rajista a Google Search Console, ka miƙa taswirar shafin, wato jerin adireshin duk abin da ke cikinsa.

Na bar wanda ya fi ciwo a ƙarshe, don ni ma ya taɓa ci na. Wani yaro ya gina mini shafi, ya sayi sunan shafin, wato adireshinsa na intanet, da imel ɗinsa, ni kuwa ban tambaya ba. Shekara ta zagayo, saƙon sabuntawa ya tafi akwatinsa, shi kuma ya canza layi. Wata safiya na buɗe na tarar da tallace-tallace a inda rubutuna yake. Ko sunan shafinka na .com ne ko na .ng da ke ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA ta Najeriya, ka shiga asusun da aka sayi sunan da kanka yau ka ga sunan wa ke kai. Idan ba naka ba ne, a mayar da shi tun kuna shiri da maginin. Rubuta ranar ƙarewarsa a kalanda, don katin banki yakan ƙi biya ba tare da ka sani ba. Sannan ka sa fulogin UpdraftPlus ya riƙa kai kwafin shafin Google Drive kowane mako, ba cikin masaukin da shafin yake ba. Ka kuma gwada dawo da kwafin ko sau ɗaya. Nawa, da na je nema, na wata takwas baya na samu.