Adjoin, adjacent da adjourn: don Allah ku daina cakuɗa su

Na gaji da gyara wa yara masu koyon aiki abu ɗaya kullum a shagon buga takardu, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya huta.

Adjoin dai ma'anarsa abu biyu su haɗa jiki, gida da gida katanga ɗaya, gona da gona iyaka ɗaya. Kuma ba ya ɗaukar kalmar to ta Turanci a bayansa. The shop adjoins the mosque, shikenan. Wai adjoins to, wai adjoins with, a ina kuka gani? Masu tafiya da to su ne adjacent to da attach to.

To ga wanda ya fi ƙona min rai. Adjoining da adjacent ba ɗaya ba ne, musamman a takardar fili. Adjoining dole sun taɓa juna, adjacent kuwa yana iya zama kusa ne kawai, ko da akwai lungu ko kwata a tsakani. Wani lauya da muka daɗe muna harka ya kawo yarjejeniyar sayen fili da rubutun hannunsa, ya sa the adjoining plot, yaron da na ba aikin ya ga wai adjacent ya fi masa daɗin ji shi kuma bai tambayi kowa ba ya canza, alhali mai sayarwar fuloti biyu gare shi a wajen, ɗaya manne da gidan mai saye ɗaya tsallaken lungu. Ranar sa hannu ga dillali ga shaidu ga mai unguwa an zauna, sai gardama ta tashi wane filin ake nufi. Lauyan ya zo ya wanke ni tas a gaban kwastomomi, na sake bugawa kyauta, kuma tun daga ranar ya kwashe aikinsa ya kai wani shagon. Haba! Wa ya aike ka gyara wa lauya Turanci? Ni yanzu ka'idata, in akuya za ta iya bi ta tsakanin filayen biyu to kar in ga adjoining. Kuma duk takardar fili sai an karanta min ita da ƙarfi ina bin na hannun da yatsa kafin a buga.

Sai adjourn. Wannan ɗage zama ne, ba ruwansa da iyaka. Amma kullum sai ka ga sakataren ƙungiya ya rufe bayanin taro da the meeting was adjoined, wai taron ne aka manna a jikin me? Matsalar daga baki take, kusan iri ɗaya muke furta su. Ku duba tsakiyar kalmar, akwai jour, wato rana da Faransanci, 'yan uwanmu na Maradi da Damagaram sun san wannan. An ɗage zuwa wata rana kenan. Adjoin kuma join ne a cikinsa.

Sauran ƙanana ne. Abut shi ma haɗa iyaka ne, an fi ganinsa a takardun safiyo, t biyu ake sawa a abutted da abutting. Ƙasa da ƙasa ko jiha da jiha ni border nake amfani da shi, Katsina State borders Niger Republic. Border on kuma wani lokacin kusan zama yake nufi, borders on madness, wato saura ƙiris ya zama hauka. A imel attached za ka ce, enclosed na abin da aka sa cikin ambulan ne.