Farautar talotalon daji a bazarar Amurka: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Da karin maganarmu na shiga dajin Pennsylvania a shekarar farko, wai zomo ba ya kamuwa daga zaune. Na taso ina bin yayyena farautar rani, ga karnuka ga gora ga ihu, a tayar da zabi ko fakara a bi su da jifa. Sai na ɗauka talotalon daji ma ƙaton zabo ne kawai. Bazara biyu na yi ina gantali cikin itatuwa, ko gashi ɗaya ban kawo gida ba. Ashe shi wannan tsuntsu daga zaune ake samunsa, kuma yawancin kurakuran da zan faɗa, nawa da na wasu, daga ƙin yarda da hakan suka fito.

Bazararsu ta zo daidai da tamu a watanni, amma ba zafi gare ta ba. A Florida ana buɗe farautar tun cikin Maris, yawancin jihohi cikin Afrilu, a Pennsylvania kuwa sai wajen farkon Mayu zuwa ƙarshensa. Lokacin barbarar talotalo ke nan. Zakaran yakan kwana a kan bishiya, da gari ya fara wayewa ya saki kukansa mai gurgura, wanda in iska ta kwanta ana jiyo shi daga nisan fiye da kilomita ɗaya. Ma'anar kukan ita ce ga ni nan, mai so ta zo. A al'adarsu macen ce ke takowa wurinsa. Maharbi kuma ya zauna yana kwaikwayon muryar mace, yana so namiji ya saɓa al'adarsa ya zo da ƙafarsa. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin aikin.

Kuskuren farko tun kafin a ɗauki bindiga ake yinsa, wato shiga daji ranar buɗewa ba tare da ka san inda tsuntsayen suke ba. Ɗan'uwansa shi ne dogaro da abin da ka gani cikin hunturu. A lokacin sanyi sukan haɗu garke guda inda abinci yake, amma da bazara ta kama sai garken ya watse, kowane zakara ya kama yankinsa. Inda ka ga talatin a watan Fabrairu kana iya zuwa a Mayu ka tarar wayam. Gyaran shi ne ka ware safiya uku ko huɗu a makonni biyun ƙarshe, ka hau tudu kafin ketowar alfijir, ka tsaya ka kasa kunne kawai. Ka lura daga ina kukan ke fitowa, ina suka dosa bayan sun sauko, ƙarfe nawa suke isa wane fili. Na biyun ya fi na farko muhimmanci, domin sanin makwancinsa ba ya wadatarwa in ba ka san hanyarsa ba.

Idan rana ta ɗaga sai ka duba ƙasa. Kashin namiji dogo ne mai lanƙwasa a ƙarshe kamar ƙugiya, na mace kuwa a murɗe yake kamar dodon koɗi. Sawun babban namiji yakan kai wajen santimita 10. A kan hanya mai yashi za ka ga layi biyu sirara, ɗaya dama da sawun ɗaya hagu: fikafikansa ne yake ja a ƙasa in yana taƙama, kuma inda ya yi taƙama jiya akwai alamar zai yi gobe. Gashin ƙirjin namiji bakinsa baƙi ne, na mace ruwan ƙasa. Inda suka tone ganyaye suna neman tsaba da ƙwari, taɓa ƙasar da hannu. In da danshi, yau suka wuce.

A nan ne kuma mutane ke ɓata wa kansu. Sun sayo abin kira sabo, hannu na ƙaiƙayi, sai su gwada shi a kan tsuntsayen da za su farauta mako mai zuwa. Zakara ya amsa, ya taho, ya tarar ba mace sai ƙato a tsaye. Ka koya masa darasi kyauta. Bar abin kiran mace a mota har ranar farauta. In kana so ya tona inda yake, yi masa kukan mujiya da asuba ko na hankaka da hantsi, domin ƙara mai ƙarfi takan sa ya amsa ba shiri, ba tare da ya taso ba.

Ranar farauta, makara da matsowa da yawa su ne ke korar tsuntsu tun yana kan reshe. Yana sama, yana hangen komai, kuma a farkon bazara ganye bai rufe ba. Shiga da duhu, ka kashe tocila tun da nisa, ka zauna kamar mita 100 zuwa 150 daga bishiyar, ta ɓangaren da ka ga yana bi. Mu Musulmi akwai lissafin asuba a ciki. Ni nakan duba lokacin alfijir tun da dare, in yi alwala a gida, in yi sallah a gefen mota ko a bakin daji, sannan in ƙarasa. Yakan rage mini 'yan mintoci, shi ya sa nake zaɓen wurin da ba ya da nisan tafiya.

Zaɓen mazauni kuwa, shi ya cinye mini bazara ta biyu. Wata safiya na sami zakara mai zafi, duk kiran da na yi sai ya katse ni da amsa. Ina jin kukan na matsowa har na kwantar da kumatu a kan bindiga. Sai ya tsaya. Kusan awa guda yana kai da komo a wuri ɗaya, yana kuka kamar maƙogwaronsa zai tsage, daga baya ya yi shiru ya tafi abinsa. Da na je dubawa, wata 'yar ƙorama ce tsakaninmu, wadda yaro zai tsallake. Tsuntsun da ke iya tashi da gudun fiye da kilomita 80 a awa, ya ƙi ƙetare ruwan da bai kai gwiwa ba. Haka suke. Ƙorama, shingen waya, kwazazzabo, sarƙaƙiya, duk sukan tsayar da shi, domin a ganinsa ya yi nasa, sauran tafiyar ta mace ce. Kafin ka zauna, tabbatar hanya a share take daga gare shi zuwa gare ka. Ka zauna daidai da shi ko sama da shi, don ya fi saurin hawowa tudu a kan gangarowa. Kada kuma ka zauna a inda zai hango wurinka daga mita 100. Zai tsaya can ya duba, bai ga mace ba, ba zai ƙara taku ba. Nemi bayan ɗan tudu ko kwanar hanya, yadda lokacin da zai iya ganin inda muryar take, ya riga ya shigo inda harsashi zai kai.

Yawan kira shi ne ciwon kowa, kuma na san dalili. Daɗi gare shi. Ka goga murfin akwatin katako na kiran talotalo, ko ka ja tsinke a kan allon dutse, daji ya amsa maka, wa zai ƙi ƙarawa? Amma duk lokacin da ka kira ya amsa, abin da ya ji shi ne macen tana ɗoki, tana hanya, to me zai sa ya wahalar da kansa? Ga shi kukan nasa na jawo matan gaske, su zo su tafi da shi, yana kuma jawo wasu maharban. Yana kan bishiya, kira biyu ko uku a hankali sun isa, don ya san akwai mace a nan. Da ka ji ya sauko ya amsa, ajiye abin kiran. In hannu ya matsa maka, ja ganye da tafin hannu kamar kaza na tono. Kunnensa ya riga ya auna gindin bishiyar da kake, ba ya bukatar tuni. Shirunka ne zai dame shi har ya taso neman ba'asi. Wuri ɗaya ne nake ɗaga murya, shi ne in yana tare da mata. A nan ba da shi nake magana ba, da uwar garken nake. Duk abin da ta faɗa sai in maimaita mata da ƙarfi, in katse ta. Wani lokaci kishi kan kawo ta neman wannan marar kunya, shi kuma yana biye.

In ya yi shiru, kada ka ce ya tafi. Sau da yawa shirun alamar yana tafe ne, kuma manyan zakaru sukan zagayo ta baya ba ko tari. Ba shi rabin awa cur kafin ka motsa. Ni na taɓa miƙewa don in miƙe ƙafa, sai ga jan kai a bayan wani kututture, taku ashirin tsakaninmu. Ban ma kai ga ɗaga bindiga ba.

Hancinsa ba abin damuwa ba ne, ba kamar barewa ba. Idonsa ne masifa. Yana ganin launi, idanun suna gefen kai, da ɗan juyi ya ga ko'ina. Rufe fuska da hannuwa, ka ɗora bindiga a gwiwa tun kafin ya bayyana, bakinta na duban inda kake zato. In dole ka gyara, jira kansa ya shiga bayan bishiya, ko ya juya maka baya wutsiyarsa a buɗe kamar mafici ta tare masa gani. Sauro zai cije ka a lokacin, ba makawa. Ka bar shi ya sha.

Da ƙarfe takwas za ka ga motoci na barin daji, kowa na cewa yau ba sa'a. Kuskure ne babba. Macen talotalo takan yi ƙwai ɗaya a rana har ta tara goma zuwa goma sha biyu, sannan ta kwanta kansu kwana 28. Da hantsi sai ta sulale zuwa sheƙarta ta bar zakara shi kaɗai. Wanda ya yi maka kunnen uwar shegu da asuba, ƙarfe goma yana iya zuwa da gudu. Sai dai duba dokar jiharka, domin a Pennsylvania makonni biyun farko da tsakar rana ake tashi.

Bindiga kuma, mutane kan fita da ita ba su taɓa gwada ta a takarda ba. Kowace bindiga da yadda take watsa ƙwayoyin harsashi, wata ta yi sama, wata ta yi gefe. Zana kan talotalo a kwali, ka harba daga mita 20, 30 da 36. Ma'aunin da aka saba shi ne ƙwaya 100 cikin da'ira mai faɗin santimita 25, kuma inda ka kasa samun haka, nan ce iyakarka. Ga yawancin mutane yadi 40 ne, wato wajen mita 36. Da ka zauna, zaɓi bishiyar da ke wannan nisa ta zama alama. Kai da wuya ake nufa, daidai inda fata ta haɗu da gashi. Gashin fiffike kamar sulke yake, harbin jiki raunata shi kawai yake yi ya je ya mutu a ɓoye. Kada ka harba yana cikin taƙama, wuya a noƙe. Yi ɗan sauti, zai miƙa wuya ya duba.

Kafin yatsa ya taɓa kunama, ga gemu da idonka, wato tuntun gashin da ke rataye a ƙirjinsa. Doka a bazara ta mai gemu ce. Saurayin bara gemunsa gajere ne, gashin tsakiyar wutsiyarsa ya ɗara sauran tsawo. A Pennsylvania ya halatta, a Mississippi an hana manya harbinsa. Ana samun mace mai gemu jefi-jefi. Ko inda doka ta yarda, ni ba na harbinta, don da sheƙar ƙwai za ta tafi.

Tsananin dokokin nan da dalili. A farkon ƙarni na 20 saran daji da farautar kasuwa sun kusa ƙarar da tsuntsun. An gwada sakin na kiwo, suka mutu. Sai da aka koma kama na daji da raga mai harbawa ana kai su wasu yankuna, da kuɗin harajin bindiga da harsashi na dokar Pittman-Robertson ta 1937. Lokacin da aka kafa ƙungiyar National Wild Turkey Federation a 1973 ana ƙiyasta su miliyan 1.3, daga baya suka haura miliyan 6, kuma yau ana farautarsu da bazara a kowace jiha in ban da Alaska. Don haka lasisi, takardar horon maharba da izinin mai gona ba abin wasa ba ne. In ka ga shunayyan fenti a jikin bishiyoyi a Pennsylvania, ma'anarsa ba shiga. Kare da zuba tsaba don jan tsuntsu duk haramun ne a jihar a wannan lokaci.

Kuskuren da ke kashe mutum shi ne sanɗar kukan talotalo. Maharbanmu na da sukan ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe har su kusanci nama, kuma wasu Amurkawa na yin irinsa, su ɓuya bayan wutsiyar talotalo suna jan ciki. Dabarar tana ci. Amma maharbin burtu shi kaɗai ne a dajinsa, nan kuwa kowane gindin bishiya yana iya zama da mai bindiga da ke jiran ganin wutsiya. Pennsylvania ta hana sanɗa gaba ɗaya a bazara, kira kawai aka yarda. Muryar macen da kake bi ma wataƙila mutum ne. Kada ka sa ja, fari ko shuɗi, launukan kan zakara ke nan, har farar safa ko farar hula da ke leƙowa. Jingina da bishiyar da ta fi kafaɗunka faɗi. In ka hango wani maharbi na nufo ka, kada ka ɗaga hannu, kada ka yi kiran tsuntsu. Zauna yadda kake ka yi magana da ƙarfi, da muryar mutum.

In Allah ya ba ka, da bisimillarka tun kafin harbi, sa makarin bindiga sannan ka tashi. Zai yi ta dukan ƙasa da fikafikai, ƙayar ƙafarsa kuma tana yanka, don haka taka wuyan ko ka kama sama da ita. Ka iske shi da rai, yanka shi nan take, wuƙa na aljihu ba cikin jaka ba. Cike takardar shaida ka ɗaura masa kafin ka ɗaga shi, ka nannaɗe shi da ƙyalle ruwan lemo don kada wani ya hango gashi na tafiya cikin itatuwa. A Pennsylvania, rahoto ga hukumar namun daji kwana 10 gare ka. Da ka isa gida, kafin a fara figa, tuɓe ka duba jikinka sosai, bayan gwiwa da hammata da ƙugu. Kaskar dajin nan ƙarama ce kamar ƙwayar riɗi, kuma tana ɗauke da cutar Lyme mai sa zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi.