Turuf ɗin baƙin cakulan irin na Faransa: inda ake kuskure da yadda ake gyarawa

Kayan haɗinsa ba su da yawa: baƙin cakulan, kirim na madara, ɗan bota, sai garin koko na cakulan da ake birgima shi a ciki. Faransawa sun ba shi sunan wani baƙin naman kaza mai tsada da ake tonowa a gindin itatuwa a yankin Perigo na ƙasarsu, saboda ya yi kama da shi idan an fito da shi duk ƙasa a jiki. Shi ya sa ba a neman ya fito mulmulalle sumul kamar ƙwallo. Abin da ake nema shi ne cikinsa, wato haɗin cakulan da kirim da suke kira ganash, ya narke a baki ba gudaji, ba tsaki-tsaki, ba maiƙo a harshe. Ganash kuwa mai ne da ruwa aka tilasta wa zama wuri ɗaya, kuma kusan duk ɓacin da ake gani daga rabuwarsu yake fitowa.

Cakulan da kirim da ba su dace ba

Tun a kanti ake fara ɓata aikin. Yawancin manyan sandunan da ake sayarwa don ado a kan kek ba su da man koko, man ganye aka sa a madadinsa. Irin wannan zai daskare, amma yana barin wani dafi-dafi a dasashi kamar an tauna kyandir. Uwargida ki juya bayan takardar ki karanta. In man koko ba ya cikin kayan da aka fara lissafawa, ki ajiye. Wanda masu sana'ar suke so shi ne kubartur, wanda a dokar Tarayyar Turai man kokonsa ba ya ƙasa da kashi 31 cikin 100. Ƙananan ƙwayoyin cakulan na biskit ma ba su dace ba, don an yi su ne su riƙe siffarsu a cikin oben, narkewarsu da kauri take.

Ki tsaya tsakanin kashi 60 zuwa 70 na koko. Wasu suna ɗauka wanda ya fi baƙi shi ya fi kyau, su sayo na kashi 85, sai ganash ya fito a bushe, da ɗaci, ga saurin tsinkewa.

Kirim ɗin ya zama na madarar saniya, mai maiƙo kashi 30 zuwa 35. Wanda ake bugawa a shafa wa kek, mai sukari da man ganye, wani abu ne daban ko da kwalinsu ya yi kama. In ba a samu na gaskiya ba, madarar gwangwani mara sukari giram 90 da bota giram 60 za su tsaya wa cakulan giram 200, sai dai za a ɗan ji ɗanɗanon dafaffiyar madara. Madara mai kauri mai zaƙi kuwa alawar Brazil take bayarwa, mai danƙo, ba ta Faransa ba.

Awo da ido

A nan sikeli ya zama dole, kirim ɗin ma aunawa ake yi. Cakulan giram 200 na kashi 70 yana ɗaukar kirim giram 130, bota mara gishiri giram 20, zuma giram 15 da ɗan gishiri a bakin yatsu biyu. Wannan zai ba ki kamar guda 30. In na kashi 60 ne, kirim giram 100 ya isa, domin duk yadda koko ya ƙaru haka yake ƙara shan ruwa. Waɗannan awon an tsara su ne don ɗakin girki mai sanyi, kasancewar a Faransa a ƙarshen Disamba aka fi yin turuf. A zafin Kano ko Maraɗi, ki rage kirim da giram 15 zuwa 20, in ba haka ba zai kwanta a faranti kafin baƙi su wanke hannu. Zumar ba don zaƙi aka sa ta ba, laushi take ƙarawa kuma tana hana shi saurin bushewa.

Wuta da juyawa

Wannan ne wurin da ya fi cin mutane. Na farko, kada a ɗora cakulan kai tsaye a kan wuta. Da zafi ya yi masa yawa ya fara ƙonewa, in kuma ya yi ƙauri ba shi da magani sai zubarwa. Ki yayyanka shi ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, ki zuba a busasshen kwano, ki ɗora kwanon a bakin tukunya mai ruwan zafi wanda ba ya tafasa, gindin kwanon kada ya taɓa ruwan. Ya narke zuwa kamar digiri 45 ki sauke, ki goge gindin kwanon da tsumma.

Gogewar nan tana da dalili. Ɗigon ruwa ɗaya, ko tururi, ko jiƙaƙƙen cokali, ya isa ya sa narkakken cakulan ya cure ya zama kamar tuwo. Ruwa kaɗan yana jiƙa sukarin da ke ciki ya manne da juna, amma bai kai ya narkar da shi ba. Abin mamakin shi ne ruwa mai yawa ne maganinsa: in ya cure, ki ci gaba da zuba kirim mai zafi, zai saki.

Kirim da zuma ki ɗora su har gefen tukunya ya fara ƙananan kumfa, ki sauke, ki jira minti ɗaya. Barin sa ya yi ta tafasa yana ƙone ruwansa, awonki ya tashi a banza. Sai ki zuba shi kashi uku. Kashin farko yana shiga za ki ga cakulan ya yi kauri, ya dusashe, har mai na neman fitowa. Mutane da yawa a nan suke tsorata su ɗauka ya lalace, alhali haka ya kamata ya yi. Ki sa cokalin roba a tsakiyar kwanon, ki riƙa zagayawa ƙanana-ƙanana da ɗan ƙarfi. A kashi na biyu za ki ga wani wuri mai sheƙi ya bayyana a tsakiya, yana bin cokali kamar roba. Shi za ki riƙa faɗaɗawa har ya cinye gefe, sannan ki zuba na uku. Abin buga ƙwai ba na wannan aiki ba ne, iska yake cusawa, launin ya koɗe, turuf kuma ya yi saurin lalacewa.

Bota tana shiga ƙarshe, a yanka ƙanana, mai laushi, lokacin da ganash ke tsakanin digiri 35 da 40, wato ɗumin da za ki ji kaɗan a bayan yatsa. In an sa ta da zafi sosai narkewa take yi ta zama mai tana yawo a sama, in kuma ya huce sai ta bar fararen gudaji.

Idan ya tsinke

Alamarsa ba ta ɓuya: sheƙin ya tafi, jikinsa ya yi tsaki-tsaki, mai ya taru a gefen kwano. Ko zafi ya yi yawa, ko maiƙo ya rinjayi ruwa, ko an ci gaba da juyawa bayan ya huce. Kuskuren da ake ƙarawa a kai shi ne zuba masa kirim ko bota, alhali mai ne ya riga ya yi masa yawa. Ki mayar da shi kan ruwan zafi ya koma digiri 35 zuwa 40, ki zuba madara mai ɗumi babban cokali ɗaya, ki juya daga tsakiya. In bai haɗu ba ki ƙara wani. Da wuya ya wuce cokali uku. Mai injin markaɗe na hannu ta nutsa kansa ƙasa ta kunna daƙiƙa 20 ba tare da ɗago shi ba, yana haɗewa nan take.

Gaggawar daskarwa

Ki juye a faranti mai faɗi, kaurinsa kada ya wuce santimita 2, ki shimfiɗa leda ta manne da fuskarsa don kada ya yi ɓawo ko gumi ya ɗiga. Masu sana'ar suna barin sa ya kwana a ɗaki mai digiri 16 zuwa 18, don man koko ya daskare a hankali. Inda babu wannan sanyi, ki bar shi ya huce sarai a waje, sannan firji awa 3. Firiza tana yaudara: waje ya yi dutse, ciki da ruwa-ruwa, kuma man da ya daskare da gaggawa yana taɓa hannu yake narkewa.

In bayan awa 3 har yanzu ya yi laushi, ki sake narkar da shi ki ƙara narkakken cakulan giram 30 zuwa 40. In kuma ya yi tauri yana farfashewa, kirim mai ɗumi cokali biyu.

Mulmulawa da garin koko

Man koko yana narkewa wajen digiri 34, jikin mutum kuwa 37 ne, to tafin hannu abokin gabarsa ne. Ki ɗebo da ƙaramin cokali ki jera a tire, ki mayar firji minti 20, sannan ki riƙa fito da takwas-takwas kina mulmulawa da saman yatsu, juyi biyu ko uku kawai. Ki ajiye ruwan sanyi da tawul kusa, ki tsoma hannu ki busar sosai. Safiyar hunturu ta fi kowane lokaci daɗin wannan aiki.

Garin kokon da ake nufi shi ne na cakulan zalla, mara sukari, ba garin da ake damawa da safe ba, ba kuma na shayi irin Milo ba, wanda sukarinsa da madararsa ke jan laima ya zama caɓi. Wanda aka sarrafa irin na Holan ya fi duhu, kaifinsa kuma kaɗan ne. Ki tankaɗe shi, ki birgima turuf a ciki, sannan ki zuba su a rariya ki ɗan girgiza, don gari in ya yi yawa shaƙe mutum yake yi a cizon farko.

Idan washegari kika ga garin ya jiƙe ya yi baƙaƙen tabo, ganash ne ya tsotse shi. Maganinsa siririn ɓawo: ki narkar da cakulan zuwa digiri 45, ki huce shi zuwa 28, ki ɗaga zuwa 31, ki shafa kaɗan a tafin hannu, ki mirgina turuf ki jefa cikin gari tun bai bushe ba. Ɓawon yana ba da ɗan ƙas a haƙori kafin a kai ga laushin.

Ƙamshi da ajiya

Faransawa kan ɗiga barasa don ƙamshi, amma ba ta cikin ginshiƙan haɗin. Ɓawon lemon zaƙi, kofi, citta ko kirfa a jiƙa cikin kirim mai zafi minti 10, a tace, a sake auna kirim ɗin a cike abin da ya ragu. Ruwan lemon tsami kuwa tsinka kirim yake yi.

A firji, cikin mazubi mai murfi da ke rufuwa gam, yana kai mako ɗaya. Cakulan yana ɗaukar warin maƙwabcinsa, kada ya kwana kusa da albasa ko daddawa. In wuta ta ɗauke tsawon yini da zafi, a cinye shi a ranar, kirim ne a ciki. Wajen kawowa baƙi, ki fito da mazubin ki bar shi a rufe minti 15 zuwa 20, gumin ya sauka a kan murfi maimakon kan turuf, sannan ki buɗe ki ƙara barbaɗa gari kaɗan.