Kafin ku saka tsohon hoton gadar ruwa a firam

Ga masu tara tsofaffin hotunan magudanan jiragen ruwa na Birtaniya, irin gadar Pontcysyllte ta Wales da aka kammala a 1805, wadda ke ɗauke da ruwa mita 38 sama da kogin Dee: ku fara duba takardar. Idan siririya ce, launin ƙasa-ƙasa, mai ɗan sheƙi, galibi da farin ƙwai aka shafe ta, kamar yawancin hotunan 1860 zuwa 1890. Irin wannan ba ya jure haske. Sararin sama da fuskar ruwan ne ke fara yin rawaya, layukan kwatar ƙarfen da ke ɗauke da ruwan gadar su dushe.

Kada hoton ya taɓa gilashi. Danshi na manna su, ranar cirewa fuskar hoton ta biyo gilashin. A sa kwali marar asid mai kaurin milimita 1.5, wanda aka yanke tsakiyarsa don hoton ya fito, a tsakani, a riƙe hoton da 'yan aljihunan kusurwa. Salatif da gam kuwa, a'a, tabonsu ba ya fita.

Mafi alheri, a yi sikanin hoton a 600 dpi (ɗigo 600 a kowane inci), a rataye kwafin, asalin ya kwanta cikin akwati, nesa da bango mai sanyi.