Darasi na 9: Babur na hannu, kai zaka yi mishi sabis ko sai wurin dila?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. A darasin baya mun koyi karanta manyan lambobi, to yau zamu ɗauki karatun nan mu kai shi gindin babur, don lambobin da ke jikin galan ɗin baƙin mai da taya ba ado bane.

Yanzu a Katsina samari da dama sun wuce Boxer da Jincheng sun koma manyan baburan nan masu gudu irin su Honda CBR da Yamaha R6, kuma yawanci na hannu ne, wani ya hau ya gaji ya sayar. Abin da dila ya fi kowa da shi shi ne garanti da kayan gyara na asali, to babur ɗin da ya shekara goma yana yawo garantin shi ya daɗe da ƙarewa, kenan in ka kai shi don juye kawai, wato canjin baƙin mai, kuɗin hannu zaka biya a kan aikin da zaka iya yi a ƙofar gida da sifana guda da tsohon kwano.

Mu fara da juyen. Ka tada inji ya yi kamar minti 3 zuwa 5 don mai ya saki jiki, ka kashe, ka sa kwano a ƙasa, ka kwance notin da ke ƙarƙashin inji ka bar shi ya tsiyaye tas, in babur ɗin na da filtar mai ita ma ka canza. Wurin ɗaure notin nan ne ake kuka. Ni kaina na taɓa yi, na ɗaure na ƙara ɗaurewa wai don kar ya yi yoyo, sai naji sifana ta tafi salin alin, ashe haƙoran ramin ne suka cinye don gidan injin alminiyam ne ba ya son ƙarfi, haka na tura babur da rana tsaka har Ƙofar Ƙaura wurin gyara, kuɗin da na kashe ya ninka wanda nake gudu. Ka fara sa shi da yatsu, in ya zauna ka ɗan ja da sifana, shikenan.

Ga inda karatu zai yi maka rana. A jikin galan zaka ga 10W-40 ko 20W-50, wato lambar kaurin man, ka ɗauki wanda littafin babur ɗinka ya ce. Sannan ka nemi rubutun JASO MA ko MA2, alamar cewa man ya dace da kulocin babur. Dalili kuwa, kulocin babur a cikin man injin yake wanka, in ka zuba mishi man mota mai santsi da yawa sai kuloci ya riƙa zamewa, kana murza hannu inji na ihu babur baya gaba. Boxer kusan lita 1 take sha, mai silinda huɗu irin mai girman inji 600cc kuwa kusan lita 3. Man awo da ake ɗurawa a kwalba a bakin titi, wanda ba rubutu ba komai, ni dai bana ba da shawara.

Sarƙa ma aikinka ce. Ka taɓa ta da yatsa a tsakiya, yawanci wasanta sama da ƙasa santimita 2 zuwa 3 ne, wasu baburan ma an manna takarda kusa da tayar baya an rubuta adadin. Sarƙar manyan babura na da ƴan robobi a tsakanin gaɓoɓinta, fetur na lalata su, da kananzir ake wanke ta sannan a sa mata mai. A lokacin hunturu kuwa ƙurar garin nan in ta haɗu da tsohon mai sai ta zama kamar sanfefa tana cin sarƙa da haƙora, haka matatar iska ma take toshewa da wuri. Ta soso ana wankewa, ta takarda canzawa ake.

Amma fa akwai inda zaka tsaya. Saitin bawul a injin silinda huɗu sai an buɗe kan inji an auna da ma'auni na musamman, babur mai injekta kuma, wato wanda ba kafireta gare shi ba, wani lokacin sai an jona mishi na'ura kafin a gane ciwon shi. Birki shi ne babba. Man birki irin DOT 4 ana canza shi duk shekara 2 saboda yana jan ruwa, in iska ta shiga bututun wurin canzawa zaka matse hannu kaji lagwas, ka yi tunanin haka ta same ka a hanyar Daura wajen Mashi akuya ta gitta. Wannan ka biya wanda ya iya, ko da sai ka dangana da Kano.

Kuma ba kowane bakanike ne ya san irin wanga inji ba, wani ya haddace Boxer kamar Fatiha amma bai taɓa buɗe CBR ba kuma ba zai faɗa maka ba. Ka tambaye shi cikin mutunci, "Oga don Allah ka taɓa buɗe irin wannan?" In ya fara kame kame ka yi godiya ka ja abinka. In an canza maka wani abu ka ce a baka tsohon, ka karɓi rasit.

Aikin gida. Ka duba gefen tayarka zaka ga lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Ka rubuto naka a littafi. Sai lissafi: Malam ya yi juye mitar shi na nuna kilomita 12,400, yana son ya sake bayan kilomita 3,000, a wace lamba zai sake? Wanda bashi da babur ya duba na maƙwabci, a zo da amsa ranar aji na gaba.