Kurakuran da Ke Jefa Masu Katin Banki Hannun 'Yan Damfarar Imel

Yawancin kuɗin da ake kwashewa daga katin banki ta imel, mai katin ne ke miƙa mabuɗin da hannunsa, cikin gaggawa da fargaba. Wannan ya shafi mai katin bashi da mai katin ciro kuɗi baki ɗaya, Visa ne, Mastercard ne ko Verve.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yarda da sunan da ke saman saƙo. Wayarka takan nuna sunan banki da tambarinsa, kai kuma sai hankalinka ya kwanta. Ai kowa zai iya rubuta wannan sunan. Taɓa shi don cikakken adireshin wanda ya aiko ya fito, ka karanta abin da ke bayan alamar @ harafi bayan harafi. Za ka ga wani ya ƙare da gmail.com, wani an sa sifili a gurbin harafin o, wani an jera r da n don su yi kama da m. A ƙaramin allon waya, ga ido a gajiye bayan sallar isha, wannan yaudarar na wucewa cikin sauƙi. Ɗan kwaɗon da ke bayyana kusa da adireshin shafi ma ba shaidar gaskiya ba ne, shafukan bogi da yawa suna da shi.

Sai danna maɓallin da ke cikin saƙon. Lafazin kusan iri ɗaya ne kullum: za a rufe asusunka cikin awa 24, an ga wani ciniki da ba a gane ba, danna nan ka tabbatar. 'Yan damfarar kuma suna bin labarin da ke tashe. A Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin haɗa asusu da BVN ko NIN, da wa'adin 1 ga Maris 2024, kuma irin wannan lokaci ne kasuwar saƙon bogi ke ci, domin akwai gaskiya a tushen maganar, mutane kuma sun tsorata. Ko saƙon gaskiya ne, kada ka bi ta cikinsa. Rufe shi, ka buɗe manhajar bankin da kanka, ko ka kira lambar da ke bayan katinka. Lambar da ke cikin saƙon bogi kuwa, ta ɓarawon ce, kuma zai ɗauka da ladabi, yana ta "ranka ya daɗe".

Inda aka fi asara shi ne lambar OTP, wato lambar amfani sau ɗaya da banki ke turowa waya don tabbatar da ciniki. Wanda ya samu lambobin gaban katinka, da ranar ƙarewarsa, da lambobi uku na bayansa, ya kusa kammalawa. Abin da ya rage masa a mafi yawan cinikin intanet shi ne lambar da banki zai turo wayarka. Shi ya sa bayan imel sai kira ya biyo: wani mai muryar ma'aikaci ya ambaci cikakken sunanka, watakila har da lambobi huɗu na ƙarshen katin, ya ce yana so ya dakatar da satar da ake yi maka, ka karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Wannan lambar ce ke sakin kuɗin. Ka daure ka karanta saƙon da ta zo a ciki har ƙarshe, domin sau da yawa yana ɗauke da gargaɗin kada a ba kowa, wani lokaci har da adadin kuɗin da za a cire. Babu ma'aikacin banki da aikinsa ke buƙatar OTP ɗinka ko lambar sirrinka. Sanin sunanka kuma ba hujja ba ce, tunda suna da lambar waya suna yawo a wurare da dama.

Mutane kan manta da tsaron imel ɗin kansa. Kalmar sirri ɗaya ga Gmail da Facebook da manhajar banki, sau da yawa ma lambar waya ce ko shekarar haihuwa. Raba su, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato a nemi wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri kafin a shiga. Kada kuma ka ɗauki hoton katinka gaba da baya ka ajiye a imel ko ka tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp don ya yi maka saye. Takardar da aka liƙo da sunan rasit ko bayanin asusu, in ba ka nema ba, bar ta a rufe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kunya. Mutum ya gane an yaudare shi da hantsi, amma ya yi shiru har washegari don kada a ce Alhaji da wayonsa an cuce shi. A wannan tsakanin ne ake rarraba kuɗin zuwa wasu asusu. Toshe katin nan take. Bankuna na da lambar gaggawa da ake dannawa ko da wayar wani ce, misali *966*911# na Zenith da *901*911# na Access. Nemi ta bankinka yau ka rubuta a takarda, kada ka dogara da wayar da za a iya sacewa. Daga nan ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar shaidar ƙorafin, kada ka goge imel ɗin ko lambar da ta kira ka. In banki ya yi jan ƙafa, akwai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa a Babban Banki, akwai kuma EFCC. Ka kuma yi hattara da wanda zai ɓullo bayan kwana biyu yana cewa zai dawo maka da kuɗinka in ka biya ɗan wani abu, domin sau da yawa su ne dai suka sake dawowa.